Littattafan Munkaila a Hannun Liman

Munkaila taubashina ne, saboda haka ina da izinin in faɗi gaskiyarsa. Mutum ne da zai manta takalminsa a ƙofar masallaci amma ba zai manta sunan ƙasar gonar wani ba. Shekara goma sha huɗu yana koyarwa a lakkwal, wato makarantar boko, a nan Matameye, kowa na ce masa Mushe, kamar yadda muke kiran malaman boko da faransanci. Duk ranar da babu aji sai ya hau tsohon babur ɗinsa ya nufi Tsauni ko Dungu ko Icirnawa, ya zauna gaban tsofaffin manoma yana tambayarsu yadda suke gane jigawar da ta gaji da wadda za ta ba da gero. Muna yi masa dariya, ni ce ma kan gaba.

Da ajami yake rubuta maganarsu. Tsofaffin ba su yarda da boko ba, sun ce wa ya san abin da yake ɗorawa a bakinsu. In ya rubuta da ajami kuwa, sai su karɓa su duba da kansu, su gyara masa. Haka ya cika littafi goma sha ɗaya, kuma yawancin waɗanda suka yi maganar sun riga mu gidan gaskiya.

Bara aka ɗauke shi aiki a jami'a a Damagaram. Ranar tashi gidan ya cika da 'yan taya kwashe kaya, kowa na jan kwali zuwa kamiyo, babbar motar kaya, shi kuma yana tsaye yana ba da umarnin da babu mai ji. Da ya sauka birni, kullum sai ya kira ni yana ƙorafi. Gidan hayar babu ko bishiya ɗaya, famfo sai ya ga dama yake kawo ruwa, maƙwabcinsa kuma gaisuwa ɗaya ce tak ya wuce. Na ce masa ai shi ya nema.

Sai da ya yi kwana tara ya buɗe kwalin ƙarshe. Babu littattafan. Da su zai rubuta aikin da aka ɗauke shi dominsa, kuma babu kwafinsu a ko'ina. Ranar da ya kira ni ban yi masa tsiya ba, don wallahi ya ba ni tausayi.

Washegari da hantsi ya iso gida. Mahaifiyarsa, Inna Baiwa, tana tsince wake a tsakar gida.

"Inna, ko kin ga wasu littattafai a ɗakina?"

"Na gani mana. A ƙasa ka bar su, kusa da takalma, gara har ta fara ci. Kai da karatunka, sunan Allah a ƙasa? Na kai wa Malam Zakariya."

Ba ta iya karatu ba, amma ta san baƙaƙen larabci in ta gan su. A wurinmu takardar Alƙur'ani in ta tsufa ba a yar da ita, liman ake kai wa ya ƙone ya binne tokar a wuri mai tsarki. Munkaila ya juya ya fita, ni kuma na ja mayafi na bi shi.

Mun tarar da Malam Zakariya, limaminmu, a zaurensa. Ya ce ya haɗa wuta tun ran Juma'a, sai ya buɗe guda ɗaya don ya ga wace sura ce, ya ci karo da maganar takin shanu. Ya miƙo guda goma, wuta ba ta taɓa su ba. Munkaila ya rungume su ya zauna daɓas a kan tabarma.

"Saura ɗaya, Malam."

Liman ya zaro shi daga aljihun rigarsa, amma bai miƙa ba.

"Mushe, wannan na Dungu ne. Babana ne ke magana a ciki, kan fadamarmu. Har inda ya karɓi alƙalami ya gyara maka na gani, hannunsa ne. Shekara tara ke nan da muka binne shi. Ka bari in kwafe tukuna."

Munkaila yana da aji washegari da safe, motar ƙarshe kuma na tashi bayan la'asar. Ya duba agogo, ya ajiye jakarsa, ya matsa kusa ya riƙe wa liman shafin.