Attahir Alo-alo da Shirun Takanamat

A Tawa, idan ka tambayi gidan Attahir Zubairu sai an tsaya tunani, amma ka ce Attahir Alo-alo, ko mai tuyar ƙosai za ta nuna maka ƙofar. Aikinsa ne ya ja masa sunan. Shi ke kula da rediyon sadarwa ta wani ofishin gwamnati, wadda ke haɗa birni da garuruwan arewa, Kalfu da Barmu da Takanamat. An kafa ta ne domin ranar masifa, wato gobarar daji, sanƙarau, farin dango, ko ƴan fashi a hanya. Kowace tasha tana da akwatin ƙarfe mai abin magana, da batir, da faifan da ke cika batir ɗin da hasken rana, da dogon ƙarfe mai waya a sama. Duk wanda ya lalace cikinsu, Attahir ake nema.

Gajere ne mai babbar murya. Bai yi nisa a lakwal, wato makarantar boko, ba, wani tsohon soja ne ya koya masa gyara, ya kuma cusa masa aƙidar cewa ƙasa ba ta tsaye a kan komai sai wannan akwati. Attahir ya yarda da haka har cikin ransa. Matarsa Hajaratu ta ce ko cefane zai ba ta, sai ya ƙare da "Na gama, saura ke," kamar tana Barmu.

Da dimokuraɗiyya ta shigo a farkon shekarun casa'in, aka sanar wa kowa cewa yana da ƴancin faɗin albarkacin bakinsa. Ba a ga hatsi ya sauko ba, ba a ga magani a asibiti ba, amma ƴancin magana kam ya iso har ƙauye, kuma babu waɗanda suka karɓe shi hannu biyu kamar masu tsaron tashoshin Attahir. Layin ɗaya ne, abin da mutum ɗaya ya faɗa kowa na ji. Ma'azu na Barmu ya mayar da shi wurin sanar da suna da ɗaurin aure. Na Kalfu ya riƙa musu kan jam'iyyu tun safe. Alhusaini na Takanamat kuwa cigiyar raƙuma yake yi, da Hausa sannan ya maimaita da Buzanci, ya bayyana tabon wuya da ɗingishin ƙafa kamar yana neman ɗansa.

Attahir yakan danna abin magana ya yi tsawa. "Wanga layi na ceton rai ne!"

Ma'azu, wanda ke kiransa Mushe, wato Malam da Faransanci, ya amsa, "Gaskiya ne, Mushe. Amma ka ji Raƙiya ta sauka? Tagwaye."

Ya sha kai ƙara wurin shugabannin ofis, sai dai a zamanin nan kafin shef, wato shugaban ofis, ya gane inda maɓallin fanka yake an sauya gwamnati an kawo wani. Sai da aka kawo wani wanda, ranar da ya fara leƙa ɗakin rediyo, ya iske na Kalfu yana ba yankinsu na Adar gaba ɗaya labarin yadda sabon shef ya sauya jam'iyya tsakanin azahar da la'asar. Nan take Shef ya fahimci muhimmancin tsaron jama'a. Ya ce wa Attahir ya sanar da doka: duk wanda ya taɓa abin magana ba don mutuwa ko wuta ba, ya kama hanyar gidan ubansa. Attahir ya gyara murya ya faɗa, ya sake faɗa, har ya ƙara gishiri daga wurinsa.

Layi ya yi tsit. Attahir ya zauna gaban akwati yana sauraron shuuu ɗin iska, fuskarsa cike da annuri. Shef na wucewa zai miƙe ya ce, "Arewa lafiya lau." Dā yakan zagaya tashoshin a kan moto, wato babur, amma an daina ba da mai, shi kuma bai damu ba. Wa zai wahalar da kansa zuwa duba wurin da ko tari ba a yi?

Damina ta yi kyau a shekarar, ciyawa ta yi tsayi ta bushe. Wata ranar kasuwa Attahir yana shan shayi bakin tashar mota, sai wani direban babbar mota da ya sauko daga arewa ya zauna kusa da shi, ya ce wa mai shayi, "Wutar Takanamat dai Allah shi kyauta. Sai jiya anka samu kanta."

Attahir ya ajiye kofi. "Wace wuta? Babu wuta a arewa. Da akwai, ni za a fara gaya wa."

Direban ya dube shi daga hula zuwa takalmi. "To, Mushe, sai ka tahi ka gaya mata ba ta nan."

Motar da ta kawo labarin ita ta koma da Attahir. Tun kafin su isa ya fara jin ƙauri. Makiyayar da ya sani fara sol da ciyawa ta koma baƙa har inda ido ya tsaya, kututturan ƙaya suna ta hayaƙi, ga gawarwakin tumaki nan da can. Makiyaya da manoma ne suka yi kwanaki suna dukan wutar da rassan itace da tsofaffin buhuna. Ba a rasa rai ba, amma abincin dabbobi na rani gaba ɗaya ya tafi.

A tashar rediyo ya iske akwatin tsaf, Alhusaini ya lulluɓe shi da mayafi mai ado don kada ƙura ta taɓa kayan gwamnati. Attahir ya leƙa ƙarƙashin tebur, ya ga wayoyi biyu suna reto.

"Ina batir?"

"Ƴan jam'iyya sunka ara, za su yi taro da lasifika. Da sunka gama, ƴan adawa sunka ce su ma ƴan ƙasa ne. Ka san yanzu ba a nuna bambanci."

"Don me ba ka gaya mani ba tun ranar da suka zo?"

"Na so in faɗi. Sai na tuna batir ba mutuwa ba ne, ba wuta ba ne."

"To da wutar ta zo fa?"

"Wallahi na danna, na yi ta kira har maƙogwaro ya bushe." Alhusaini ya nuna wayoyin. "Sannan na ɗauki reshe na bi mutane."

Attahir ya fita ya zauna a gindin dogon ƙarfen. Wata tsohuwa da ke wucewa da ƙwarya ta tsaya ta dube shi, tafin hannunta ɗaure da tsumma saboda ƙuna. Ta tambayi Alhusaini ko wannan ne mai rediyon birni. Da aka ce shi ne, Attahir ya sunkuyar da kai yana jiran zagi. Ita kuwa nono ta zuba masa a ludayi, ta ce ya sha, ya yi tafiya mai nisa. Ya karɓa ya sha. Hajaratu ta ce da ya dawo gida ya daɗe bai ɗaga murya ba, har ta fara tunanin kai shi wurin malam.

Kafin ya bar Takanamat ya je neman batir. A karon farko tun da aka fara siyasa jam'iyyun biyu suka haɗu a kan magana ɗaya, cewa batir ɗin ya mutu, kuma a hannun ɗaya ɓangaren ya mutu.

A Tawa aka kira taro don gano mai laifi. Shef ya miƙe ya ce shi da ya sha wuya wajen ƙwato wa talaka ƴancin magana, bai taɓa jin wannan doka ba sai yau. Aka tambayi masu tsaron tashoshi muryar wa suka ji tana hana magana. Su kuwa ba su yi ƙarya ba. Saboda tausayi irin na manya ba a kori Attahir ba, ƙarin girma aka yi masa: aka tura shi Takanamat ya sa ido a kan tashar da kansa. Kujerarsa ta birni aka ba wani ɗan jam'iyyar Shef mai shagon kaset, tunda shi ma ya san murɗa maɓalli.

Hajaratu ta ɗaure tukwanenta ta bi shi. Ya samo tsohon batir na mota ya farfaɗo da shi, ya ɗaure shi da sarƙar raƙumi a ƙafar tebur. Kullum da safe yakan kira Tawa. Tawa ba ta amsawa, domin mai kaset ya ce shuuu ɗin nan na sa masa ciwon kai, sai ya kashe. Barmu da Kalfu ne ke amsawa, Attahir kuma ya bar su su yi ta zuba. Yakan ma tsokano Ma'azu da tambayar wa ya haihu, yana kasa kunne ba don labarin ba, sai don ya ji ko muryar ta yi rauni, alamar batir na neman gazawa.

Da bazara sanƙarau ya ɓulla a wani zango kusa da su. Attahir ya kira Tawa har ya gaji, sannan ya kira Kalfu, mai musun siyasar nan ya hau keke ya kai saƙo birni da bakinsa. Motar masu allura ta zo a kan lokaci, yaran zangon suka tashi. Shef ya sha yabo kan yadda ofishinsa ke saurin jin kukan talakawa.

Wajen ƙarshen shekarun casa'in wasu masu ba da agaji suka kawo wa ofishin Tawa sabuwar na'ura mai lambobi masu walƙiya. Aka yanka rago, aka yi jawabai. Sai bayan an watse aka gane ba ta jin yaren tsofaffin akwatunan ƙauye, su ma ba sa jin nata. Da labarin ya kai Takanamat, Attahir yana saman ƙarfe yana ɗaure wayar da iska ta tsinka. Ya saurara har Alhusaini ya gama ba shi labarin, sannan ya ce a miƙo masa filaya. A Takanamat ya zauna har ya yi ritaya, kuma ƴaƴansa biyu na ƙarshe sun fi shi iya Buzanci.