Man da Ba a Taɓawa

Idan ka ga babur ya fito daga lungu, jarka a dama, jarka a hagu, wata jarkar zaune daram a kujerar baya, to ba sai ka tambaya ba, Kotakwana ne zai tafi aiki. Sunansa na gaskiya yana nan a katin shaida, amma ko matarsa sai ta ɗan yi tunani kafin ta tuno shi. Duk abin da ka tambaye shi dalilinsa, amsar ɗaya ce. Me ya sa allura a jikin hula? "Saboda ko-ta-kwana." Me ya sa laima alhali ko gajimare babu? "Saboda ko-ta-kwana." Da haka sunan ya manne masa.

Sana'arsa gyaran famfon tuƙa-tuƙa, a ƙauyukan da ko motar kasuwa ba ta zuwa sai ta ga dama. Babur ɗinsa irin mai dogayen ƙafafun nan ne, mai tayoyi masu haƙora, wanda zai bi kwalta, ya bi yashi, ya tsallake kwazazzabo bai ce uffan ba. Shi kuwa gajere ne, sai ya nemi dutse ko dakali kafin ya hau. Amma fa idan ya isa ƙauye ya kwance famfo, kafin ya goge hannu ruwa ya zo, mata na ta sa masa albarka.

Zancen jarkokin yana da asali. Yana saurayi, man fetur ya taɓa yanke masa a tsakiyar daji, ya tura babur tun da hantsi har rana ta yi ja, takalminsa ya tsinke. Duk wannan bai dame shi ba kamar wata tsohuwa da ta zo wucewa a kan jaki, ta dube shi ta ce, "Sannu, ɗan nan. Naka ya gaji ne?" Har yau idan yana ba da labarin sai ya kwaikwayi muryarta, ransa a ɓace kamar jiya aka yi.

Daga ranar ya fara yawo da kwalba guda. Kwalba ta zama galan, galan ya zama jarka, jarka ta haihu. Mai walda na bakin titi ya ƙera masa kariya ta ƙarfe ta ɗaura kaya, aka ɗaure kowace jarka da robar tsohuwar taya. Kaya ya yi nauyi, babur ya ƙara shan mai, shi kuma ya ƙara guzuri. Rannan mai waldan ya ɗage tabaransa ya ce, "Kotakwana, ka san rabin man da kake ƙonawa na dakon mai ne?"

Kotakwana ya dubi jarkokin, sannan ya ce, "Gaskiyarka. To ƙara mini wata kariyar."

Duk wannan mai sauƙi ne. Babbar tsiyar ita ce ba ya taɓa man. Wallahi ba ya taɓawa! Idan tanki ya ƙafe a hanya, sai bawan Allah ya sauka ya kama tura babur, gumi na zuba, jarkoki cike maƙil suna ta ƙululu a bayansa, har sai ya isa wurin masu sayar da mai a kwalba. Ba rowa ba ce, don idan ya tarar da wani ya maƙale, tiyo zai zura a tankinsa ya zuƙo masa, ya tofar, ya yi gaba. Amma jarka, a'a. A gidan mai kaɗai yake juye tsohon man jarka a tanki, shi ma sai ma'aikacin ya tsaya riƙe da tiyo a shirye ya sake cika masa jarkar nan take. Idan aka ce masa, "To wai meye amfaninsa?" sai ya ce, "Idan na juye a daji, na zama mutumin da ba shi da na ajiya ke nan. Ku kuna iya tafiya a haka?"

Matarsa tela ce, kekenta yana tsakar gida ƙarƙashin rumfar da ke yoyo, alhali jarkoki an gina musu ɗan ɗaki mai rufin kwano nesa da murhu. Ta haifa masa 'ya'ya, ta aurar da su, amma ba ta taɓa hawa babur ɗin nan ba, don babu wurin zama. Ta daɗe da daina magana. Idan ta ga yana ɗaure kaya da safe, sai dai ta taɓe baki ta ci gaba da taka kekenta.

Ana nan sai aka yi wata damina, ruwa ya cinye gadar da ke kan hanyar garin Auta. Auta ita ce ƙaramar 'yarsu, mijinta malamin makaranta ne da aka tura can ƙetaren kogi, kuma tana ɗauke da cikin fari. Motoci duk suka daina zuwa. Wata safiya waya ta yi ƙara, surukin ne. Naƙuda ta zo kafin lokacin da ake zato, ungozoma tana nan, amma Auta ta firgita, ba ta cewa komai sai "Mama".

Matar ba ta yi kuka ba. Ta haɗa kayan jaririn da ta ɗinka a jaka, ta yafa gyale, ta fito ta tsaya a gaban babur.

"Baban Auta, sauke wannan," ta nuna jarkar baya.

Ya sauke.

"Da waɗannan na gefe. A ina zan sa ƙafafuna, a wuyanka?"

"Haba Maman Auta! Sai mun zagaya ta mashigin ruwa na can sama fa, tafiya ce miƙaƙƙiya. Ki bar mini ko ta hagun."

"Ko ni ko ta hagun."

Ya dubi jarkar, ya dube ta. Ya ɗan jima fiye da yadda ya kamata, ita ma ta lura, amma ta adana wannan sai wata rana. Da ƙyar aka daidaita a kan galan guda, ita za ta rungume shi a cinya tare da jakar. Maƙwabci ya kawo kujera ta taka ta hau. Suka biya gidan mai ya cika tanki har yana tumbatsa, suka kama hanya.

Hanyar kuwa ba hanya ba ce, caɓi ne da ramuka. Babur na gurnani cikin taɓo, tayar baya na wulwulawa a banza, mai na tafiya. Ita tana salati tana damƙe masa riga, shi kuma kowane ɗan lokaci sai ya girgiza babur don ya ji motsin abin da ya rage.

"Yau yana sha da yawa," ya ce. "Nauyi ne."

"Nauyin wa?"

"Na... na taɓo."

"Ka kyauta wa kanka."

Suka tsallake mashigin ruwa har gwiwa. Bayan azahar babur ya yi tari, Kotakwana ya juya rizab, ɗan ragowar man ƙasan tanki, suka ƙara gaba. Can a wani fili da babu gida babu bukka, babur ya sake tari, ya yi shiru.

Kotakwana ya sauka, ya taimaka mata ta diro, ya kama ƙahon babur ya fara turawa. Jikinsa ne ya yi, ba tunani ba. Ya yi ɗan nisa kafin ya ji babu takun kowa a bayansa. Da ya waiwaya, tana tsaye inda ya bar ta, galan a hannu, ta zuba masa ido.

"Ina za ka?"

"Akwai wani ƙauye a gaba, suna sayar da na kwalba. Kafin la'asar..."

"Wannan da na rungumo tun safe har cinyata ta mutu, ruwan wanka ne?"

"Na ajiya ne, Maman Auta. Idan muka juye, shi ke nan fa, ba mu da komai. Idan wani abu ya faru a gaba fa?"

"Wani abu? Yarinyata na can tana kirana. Shekara da shekaru kana dakon man nan kana jiran wani abu ya faru. To ga shi ya faru, Baban Auta. Wanne kuma kake jira?"

Tsoro ne ya kama shi, tsoro na gaske, irin na ranar tsohuwa mai jaki. Amma da ya tuna Auta kwance tana kiran uwarta, sai wancan tsoron ya zama ƙarami. Ya dawo da babur, ya karɓi galan. Murfin ya ƙi murɗuwa, sai da ya sa haƙori. Ta riƙe masa mazurari, ya tuttula, mai ya fantsama a zaninta da hannun rigarsa. Ya ɗaga galan ɗin ya kakkaɓe har ɗigon ƙarshe, ya ji shi sakayau a hannu.

Ya tura babur jikin wani kututture, suka taka suka hau. Bugu ɗaya ya tashi. Ranar Kotakwana ya yi gudun da bai taɓa yi ba, bai kuma ƙara girgiza babur ba har suka ga rufin makarantar.

Kafin ya gama tsayawa ta sulale ta yi cikin gida. Shi ya zauna a kan dakali tare da surukinsa, fankon galan a tsakanin ƙafafunsa, ba mai iya duban wani. Suna jin nishin Auta, suna jin muryar uwar tana rarrashi. Da inuwa ta yi tsawo sai suka ji kukan jariri. Surukin ya miƙe, ya zauna, ya sake miƙewa, ya rungume Kotakwana har hularsa ta faɗi.

Da aka kintsa, aka ce kaka ya leƙo. Ungozoma ta tare ƙofa tana toshe hanci.

"Kai, Malam! Wannan wari haka? Je ka yi wanka tukuna, ka sauya riga. Ita ma matar taka da ƙyar na bari ta shiga."

Ya juya zai koma, sai ya ji muryar Auta daga ciki, a gajiye.

"Inna, ki bar shi ya shigo a haka. Lokacin da Mama ta shigo idona a rufe yake, ban gan ta ba, warin fetur na ji. Tun ina ƙarama idan na ji warin nan na san Baba ya dawo gida. Ina jin sa na ce to shi ke nan, ba abin da zai same ni."

Kotakwana ya sa hannun riga ya share ido, fetur ya shiga, hawaye suka ɓalle gaba ɗaya, ya ce wai man ne. Aka miƙa masa jikarsa, ya karɓa yana ta kallonta.

Sai washegari da hantsi ya tuna bai tambayi inda ake sayar da mai a garin ba.