Hantsar wandon Kumandan

Shekarar da aka ce mun samu mulkin kai, mushen lakol na Gazawa, wato malamin makarantar boko, ya shirya wasan kwaikwayo, ya zaɓi maigidana ya fito a Kumandan, Baturen mulki. Dalili kuwa, ya taɓa yi wa wani Bature wanki a Maradi, ya iya tafiyarsa da irin tarinsa. Ni kuma aka ɗora mini ɗinkin kayan, don a zauren Baba na tashi, tun ina ƙarama nake zura masa zare yana ɗinka wa manoma wanduna.

Mushe ya zo ya tsaya a ƙofar gida da takardar da ya yago daga kaye, littafin rubutun 'yan lakol. Ya zana mutum a kai, tsaye ƙyam kamar turken akuya, da 'yar riga mai aljihu huɗu da wando wanda ya tsaya a gwiwa.

Na juya takardar, na sake juyawa. Na ce, "Mushe, ina hantsar?"

"Wace hantsa?"

"Ta wando. Wurin da mutum zai samu sakewa in ya durƙusa."

Ya yi dariya, ya ce, "Uwargida, Kumandan ba ya durƙusawa. Ki bi zane kawai."

Shi baƙo ne, bai san Baba zai zo kallo ba. Maigidana kuwa tunda aka ɗaura mana aure bai taɓa tsayawa a tsaye gaban surukinsa ba. Ko daga nesa ya hango shi, sai ya tuɓe takalmi ya kai ƙasa. In wandon nan ya yage a gaban Baba da mutanen gari, ai sai dai mu kwashe tukwanenmu mu bar Gazawa.

Aka sayo farin yadi a kasuwar Gangara. Mushe ya auna maigida da igiyar metir, yana rubuta lambobi yana gyaɗa kai, ni kuma da ya tafi na sake aunawa da taƙina. Rigar ba ta ba ni wahala ba, sai aljihunan nan huɗu da ban san abin da mutum ɗaya zai zuba a ciki ba. Hula, ƙwarya muka lulluɓe da ƙyalle. Wandon ne ya hana ni sakat. Sau biyu ina sa hantsa, sau biyu mushe yana sa ni in farke, wai na mayar masa da Kumandan mai tallan goro.

Na uku sai na yanko hantsata cikakkiya, kamu guda da rabi, na ɗinke ta da kyau, na naɗe ta ciki, na kama bakin da tsohon zare mai rauni. Daga waje wando ya fito sak na takarda. Maigida ya gwada, ya ce, "Ke, wani abu na tokare ni."

Na ce, "Haka na Turawa yake. Shi ya sa kullum suke fushi."

Ranar wasa, bayan la'asar, muka tsaya da mata a bayan zana muna leƙe. A gaba an jera kujeru, sababbin manyanmu na buro, ma'aikatan ofishin gwamnati, suna zaune, kowa da ɗamammen wando irin na zanen. Baba yana gefe kan buzunsa.

Kumandan ya fito yana tari, yana nuna mutane da sanda. Ya yi taku biyar, idonsa ya faɗa kan Baba. Na ga ƙafarsa tana neman tuɓe takalmi. Mushe yana daga gefe yana ta yi masa hannu, ina, mutumin ya riga ya kai ƙasa.

"Baba, ina wuni?"

Zaren ya tsinke, ɓarat, har mu na bayan zana muka ji. Hantsa ta sauko ta baje tsakanin ƙafafunsa kamar buhun gero, ta rufe duk abin da ya kamata ta rufe. Fili ya kaure da dariya. Tsofaffin da suka yi aikin tilas a kan hanya har da share hawaye, ga Kumandan tsugune gaban talaka. Manyan buro su ma sun yi dariya, amma a hankali, kowa hannunsa a cinya.

Baba ya amsa gaisuwar a tsanake, ya tambayi mutan gida, ya tambayi gona. Sannan ya kai hannu ya kama bakin hantsar, ya duba ɗinkin ciki da waje, ya ce, "Wannan hannun gidana ne. Tashi ka ci gaba da mulkinka."

Washegari na ji mushe yana gaya wa manyan buro wai shi ya tsara abin haka, don a nuna faɗuwar mulkin mallaka. Takardar zanen na ƙunshe barkono da ita. Wandon kuwa maigida ya yi damina uku yana noma da shi, kuma duk inda ya gamu da Baba ya durƙusa lafiya lau.