Rumfa a Kan Mashaya

Har gobe ba na mantawa da ranar da na ajiye motar baƙi a bakin wani tafki can bayan Bonkuku. Duk sabon direban da ya shigo kamfaninmu sai na ba shi labarin, ko yana so ko ba ya so. To, ku ma ga naku.

Lokacin ina shekara ta bakwai da fara tuƙi a wani kamfanin hayar motoci a Yamai. Muna da mota guda mai ɗaki a baya, da gadaje da murhun gas da tankin ruwa, wadda iyali ke haya su yi yawon hutu suna kwana a cikinta. Ni ake ba ta in za a yi wajen Filinge, don patron, wato mai kamfanin, ya ɗauka duk wanda aka haifa can ƙasar Kurfai kamar ni ya san daji. Ban taɓa gyara masa zaton ba. Gaskiya kuwa a bakin tasha na tashi, saniya sai dai in gan ta ranar kasuwa.

Baƙon nawa wani likita ne, Lokotoro Sani, ɗan yankinmu da ya daɗe a ƙasar waje. Ya zo da matarsa Hajiya Rabi da ƴaƴansu mata uku, yana so su ga ruwan da ya yi iyo a ciki yana ƙarami. Sanyi ya fara ja baya, ruwan tafki ma ya fara janyewa.

Zaɓen masauki a bakin ruwa aikin direba ne, kuma yana da ƙa'ida. Ba ka tsayawa cikin ƙorama ko da ta bushe. Ka nisanci ciyawar bakin ruwa saboda sauro da maciji, ka nemi inuwa, ka nemi izinin mai gari. Amma babban abu shi ne ƙasa. Motar nan tana da nauyi, in ta kafe cikin laka sai ka yi kwana biyu kana neman mai janye ka. Saboda haka kakan sauka da sandar ƙarfe, ka zaga kana caka ƙasa.

Na zaga tafkin nan, ko'ina sandar ta nutse. Sai wuri guda, tsakanin shingen wasu lambuna biyu, inda ƙasa ta yi tauri kamar daɓen ɗaki har zuwa cikin ruwa. Ga gawo babba a gefe. Na ga busasshen kashin shanu da sawun kofato, har na ji daɗi, na ce su suka daɓe mini wurin. A raina tafki ai faɗi gare shi, dabba ta sha ta inda ta ga dama. Mai gari ya tafi kasuwa, ƙanensa muka samu, ya ce, “Ƙasa ta Allah ta, baƙo ba a hana mai wuri.” Na ja mota na gitta, na kafa rumfar tanti, na tayar da injin wuta. Har lokotoro ya ce, “Idi, kai dai ka san aikinka.” Kaina ya kumbura, ba zan ɓoye ba.

Washegari da hantsi wani dattijon Bafillace ya yi sallama, sanda a kafaɗa. Sunansa Baffa Buba. Can nesa a bayansa garke ne tsaye cikin rana, jajayen shanu sun miƙo wuya wajen ruwa. Muka ba shi tabarma da shayi. Ya gaida lokotoro, ya tambayi hanya, ya tambayi iyali. Sai da ya aje kofi ya dube ni.

“Ɗana, kwana nawa za ku yi muna?”

“Ukku, Baffa, in Allah ya yarda.”

Ya dubi rumfa. “Madalla. Allah shi sa ku ji daɗin wurin.”

Ya tashi ya tafi, ni kuwa na koma wankin gilashi. Ban san cewa a wannan lokaci kwana bibbiyu shanunsa ke yi kafin su ga ruwa ba. Ban san ba za su kusanci ƙarar inji da tanti mai kaɗawa ba. Ko da za su kusanta, mutum irin Baffa ba zai kora garke ta tsakiyar matan baƙi suna cin abinci ba. Inda na gitta mota nan ce mashaya, kuma ita kaɗai ce a tafkin.

Wajen azahar muka ji kururuwa daga ɗaya gefen. Baffa ya zagaya da shanun ta wajen laka, yana sako su bibbiyu. Wata jar saniya mai tsohon ciki ta kasa haƙuri, ta kutsa, ta kafe har ƙirji. Na kwashi igiyar jan mota da farantan ƙarfen da muke sa wa taya a rairayi, na ruga. Masu lambu suka fito. Lokotoro ya shiga laka da farin wandonsa. Muka haƙa, muka zura igiya ta ƙarƙashin ƙirjinta, muka ja, muka huta, muka sake ja. Sai bayan la'asar ta fito.

Wani mai lambu yana share laka a hannu ya ce mini, ba da faɗa ba, “Direba, da ka matsa da motag ga taki ashirin, da duk ba a yi wanga ba.”

Na dubi Baffa. “Don mi ba ka ce mu tashi ba?”

“Na tambaye ka, ɗana,” in ji shi. “Ka ce ukku.”

Ban taɓa jin kunya irin ta wannan lokaci ba. Na koma na kashe inji, na naɗe rumfa, na mayar da mota bayan gawo. Ko minti goma aikin bai ci ba. Sauran shanun suka gangaro suka sha. Ita kuwa jar ba ta miƙe ba, ƙafafun baya sun ƙi ɗaukarta. Kafin rana ta faɗi Baffa ya sa aka yanka ta don kada ta yi mushe.

Muna zaune jugum sai ga shi da kansa, ɗauke da cinya guda a kan ganye. Ya aje gaban lokotoro ya ce, “Rabon baƙi na.” Lokotoro ya buɗe baki zai yi wata magana, Baffa ya ɗaga hannu, ya juya. Hajiya Rabi ta shige mota tana share ido. Mayar da naman cin fuska ne, dole aka dafa. Muka ci.

Ga abin da nake so ku riƙe. Sandar ƙarfe za ta faɗa maka ƙasa mai tauri, ba za ta faɗa maka ta wane ne ba. A bakin ruwa babu wuri mai kyau da ba shi da masu shi, kuma mutanenmu ba su iya ce wa baƙo tashi ba, sun gwammace su yi asara. Saboda haka kada ka tambaye su ko za ka iya sauka, don za su ce maka i. Ka tambayi inda dabba ke sha da inda mata ke ɗiba, ka yi nesa da nan, ko da yaran baƙonka za su taka ƙasa kafin su ga ruwa. Ni saniyar wani ce ta biya mini wannan karatu, da ɗanta a ciki.