Allon da Na Goge a Nasiriya

Shekarun baya, farkon zuwana Riyad daga Damagaram, na yi aikin gida wajen wani injiniya Bajamushe a unguwar Nasiriya. Shi kullum yana wajen aiki. Ainihin aikina kula da mahaifiyarsa ne, wata tsohuwa 'yar siririya mai furfura fari fat, da ya ɗauko daga ƙasarsu saboda ba ta da kowa a can. Wai don ina jin Faransanci aka zaɓe ni a maktab, ofishin da ke raba mu gidajen aiki. Faransancin aji huɗu na lakwal fa, wato makarantar boko! Ita ma nata tsince-tsince ne, sai muka dace. Ina ce mata Kaka, tana amsawa.

A lokacin ina fama da cutar goge-goge. Ƙawata da ke zaune a Ulaisha ce ta sa min ita. Ta ce, "Ke, watannin farko gwaji ne. Suka ga ƙura a gidan nan, maktab za su mayar da ke, iƙamarki, takardar zaman ƙasa, ta tafi, sai jirgi." 'Ya'ya biyu na baro wajen mahaifiyata, da aikin nan suke ci. Saboda haka ba abin da tsummana bai taɓa ba a gidan, har ganyen fulawar roba.

Wata rana aka kwana biyu ana guguwar ƙura, irin wadda ke mayar da garin ja. Da ta lafa, mai gidan ya kai Kaka ganin likita, ni kuma na faɗa wa ɗakinta. A saman kabad na ci karo da wata tsohuwar jakar fata mai madauri biyu, ta bushe ƙamas. Na buɗe don in karkaɗe. A ciki, naɗe a ƙyalle, sai ga baƙin allo mai gefen katako, da igiya, da ɗan mitsitsin tsumma na saƙa a ɗaure. Wallahi sai da na yi dariya. Irin namu ne na lakwal sak!

Akwai rubutu a kansa, layi uku, ya dushe ya yi toka-toka. To a lakwal ɗinmu, duk wanda ya zo da rubutun jiya a allonsa, malaminmu da muke kira mushe sai ya durƙusar da shi a kan tsakuwa. Hannuna ya riga kaina aiki. Na jiƙa tsumma, shafa biyu, allo ya yi baƙi wuluk yana sheƙi. Don tsabar iyayi ma ban mayar da shi jaka ba, na jingine shi a kan tebur, wai ta shigo ta ga aiki.

Ta shigo kuwa ta gani. Ba ta yi ihu ba. Wani ɗan sauti ya fita daga maƙogwaronta, ta laluba kujera ta zauna. Ɗanta ya dubi allon, ya dube ni, fuskarsa ta yi jawur. Ya yi ta zuba Jamusanci, a ƙarshe ya faɗa min da Larabcin da ya san zan gane: "Khalas. Gobe maktab."

Innalillahi! A kan allo? Na shige kicin, na rasa me na fasa, me na sata.

Bayan la'asar Kaka ta kira ni. Ta miƙo min wani tsohon hoto. Yara ne cike da aji, sun jeru a benci. Mazan da gajerun wandunan fata duk faci, matan da kitso biyu da ƙyallen aiki ɗaure a gaban riguna. Na duba ƙasa, sai na ga ƙafafu. Rabinsu ba takalmi.

Na ce, "Kaka, 'yan ina ne waɗannan?"

Ta ce, "Ajinmu ne."

"A Jamus? Jamus mai Marsandi?"

Baki na saki, don ni a zatona da takalmi ake haihuwarsu. Ta ce bayan babban yaƙin duniya na biyu ne. Rigarta da tsohon bargo aka ɗinka. Lokacin sanyi kowane yaro sai ya zo da guntun gawayi ko itace na murhun aji. Da safe malami ya bi layi yana duba farce da hankici, sanda a hammata. Takarda ba ta samuwa, sai allo.

Sai ta ɗora yatsa a kan wani ɗan yaro mai manyan kunnuwa. Ƙaninta ne, ranar hoton aka haɗa 'yan safe da 'yan rana. Takalmi ɗaya suke da shi su biyu: ita ta je da safe, ta dawo da gudu ta cire masa, ya je da rana. Da sanyi ya tsananta, tari ya kama shi. Layi ukun nan aikin gida ne da ya yi a kan gado, yana cewa in ya warke zai kai wa malami. Bai kai ba, tarin ya tafi da shi. Mahaifiyarsu ta naɗe allon, ya yi shekara sittin da wani abu ba wanda ya taɓa fuskarsa, sai ni 'yar gwaninta.

Na durƙusa a gabanta. Na ce, "Kaka, ki yafe min, don Allah ki yafe min."

Ta ce, "Me ya sa kika goge?"

Na ba ta labarin mushe da tsakuwa. Sai ta yi dariya, hawaye na zuba. Ta ce, "Namu malamin ma haka yake. Da ya yaba miki." Ta kira ɗanta, ta yi masa magana gajeriya da yarensu. Ban ji ko kalma ba, amma ba a sake ambaton maktab a gidan ba.

Daga nan ta zaro wani siririn alli mai kama da dutse daga jakar. Ta sake rubuta layi ukun da ka, ba ta tsaya tunani ba ko sau ɗaya. Ta daɗe tana kallo. Ta ce, "Kalmomin ne. Amma hannun ba nasa ba ne." Ta ɗauki ɗan tsumman saƙar nan ta goge da kanta.

Shekara huɗu na yi da ita kafin Allah ya karɓi abinsa, ba ta taɓa goranta min ba. Ni ce dai ban yafe wa kaina duka ba. Har yau in ina shara a gidan mutane na ga takarda, ko da rasit ɗin kanti ne ya yamutse, sai na tambaya. Uwar ɗakina ta yanzu har tsiya take min, wai na cika tambaya. Ina yin murmushi kawai. Ni na san 'ya'yana sun ci gaba da cin abinci, sun yi karatu da takalmi a ƙafarsu, amma abu ɗaya da ya rage na wani yaro ɗan shekara bakwai, ni na share shi da jiƙaƙƙen tsumma.