Gungumen Papay Eduvina

Duk wanda ya san tudun bayan garin Panguipulli ya san Papay Eduvina Catrilef, wato Iya Eduvina a harshensu, ya kuma san ba a ja da ita. Tsohuwa ce 'yar firit, ga tari, ga taurin kai. Da ruwan watan Mayu ya sauka, sanyin ƙasarsu ya doso, ganye ya fara zuba, sai ta ɗauki kwando da wuƙa ta nufi kurmin gidansu neman naman kaza, wato laimar kwaɗin da ake ci. A bakin kurmi takan tsaya ta nemi izinin mutanen ɓoye masu wurin, yadda uwarta ta koya mata. Ba ta tumɓukewa. Yanka take yi, ta rufe gurbin da ganye, ƙanana kuwa ta bar su su girma.

Can tsakiya akwai wani ƙaton gungume da iska ta kayar tun tana amarya, gansakuka ta lulluɓe shi kore shar. A jikinsa gargal ke fitowa, naman kazan nan mai tattara kamar tumbin saniya. Da shi ta ciyar da 'ya'yanta shekarun da alkama ta ƙi.

Bana autanta Belarmino ya zo daga birnin Temuco, ya tarar rumfar itace wayam, ya kwana yana jin tarinta. Abin ya tsaya masa a rai. Da safe, ba da saninta ba, ya aro injin yankan katako.

Tana cikin kurmi tana duba farar gansakukar nan da ke reto a rassa kamar gemu, sai ta ji ƙarar inji. Kai! Tsohuwar da ke kukan gwiwa, ranar har da gudu. Kafin ya ɗora haƙoran injin ta haye gungumen, ta zauna daram, ta ɗora kwando a cinya.

"Mama, don Allah sauko," in ji Belarmino. "Cikinsa jan itace ne, zai kai ki ƙarshen sanyi. Itatuwan da ke tsaye ɗanyu ne, hayaƙi kawai za ki sha."

"To yanka mana, ɗan birni. Fara ta nan," ta nuna ƙafarta.

"Mataccen icce fa ne, Mama!"

"Matacce? Zo nan, makaho."

Ta sa yatsa ta ɗaga gansakukar a hankali. Ga 'yan kawunan gargal farare sun fara leƙowa, ko ƙumba ba su kai ba. "Wannan ne ya yi maka ƙashin bayan da kake min tsaye da shi."

Ya kashe injin, idonsa ya kawo ruwa. "Tsoro nake ji sanyin bana ya tafi da ke. Me za ki hura?"

Ta sauko, ta yi gaba, ya bi ta har gida. Ta shiga ɗaki ta yaye shimfiɗa, ta fara jan gadon katakon da marigayi mijinta ya sassaƙa mata, tana nishi, har ƙofa.

"Mama, gadon Baba ne fa!"

"Na sani, ni na kwana a kai." Ta shafa katakon. "Ina da buzun tumaki, ƙasa ba ta cizo. Gadon nan ya gama haihuwa, gungumen can bai gama ba. Ta da injinka."