Zuwa Gawo Biyar na Mazan Jiya

Litinin: Takieta zuwa Damagaram

Ƙarfe biyar da kwata na asuba na rufe ɗakina a lakwal ɗin Takieta, inda nake koyarwa. Saƙo ne ya tashe ni daga ƙauyenmu na gabas da Zermu: ana sassare gawon sojoji. Gawo biyar ne a bakin rijiya, waɗanda suka dawo daga yaƙin Hitila suka dasa wa 'yan uwansu biyar da ba su dawo ba. Na biyu na mahaifina ne, Ilu. Ina ciki aka tafi da shi.

Kamiyo na samu, babbar motar dawar taimako. A shingen jandarma aka duba takardunmu, aka ɗaga mana itace. Ko'ina gefen hanya mushen shanu ne, da mutane ɗauke da tabarmi sun nufi kudu.

"Madam, kowa gudowa yake, ke kina komawa?" in ji direba.

"Wurin ubana za ni," na ce.

Ƙarfe takwas muka shiga Damagaram. Na sauka Birni, gidan gwaggona. Tuwon jar dawa muka ci da miyar kuka, ba mai.

Talata: Gaffati, Zermu

Motar kasuwa ta tashi ƙarfe bakwai. Bayan Gaffati rairayi ya riƙe ta sau biyu, muka sauka muka tura. Sai azahar muka kai Zermu. Daga nan amalanken jaki, tafiyar awa biyu. Duk hanya ina shirya faɗan da zan yi.

Tun daga nesa na hango itatuwan, an aske musu kai, sai kututture da 'yan rassa. A ƙarƙashi mata na tara ganye a zane, awaki na binsu, haƙarƙari a waje. Faɗan da na shirya ya gagare ni.

Baba Sarjan Mamman, wanda ya rage a cikin waɗanda suka dawo, yana zaune jikin rijiya. Idonsa ya tafi.

"Baba, barka da yini. Hadiza ce."

"'Yar Ilu! Kin zo rigima ko? To ni na ce a sara. Akuya ɗaya ke riƙe da gida guda yanzu. Reshe yana tohowa, ɗiyata. Ba don shi na kira ki ba."

"Don me, Baba?"

"Sunayen. A kaina kaɗai suke, kan kuwa ya fara yoyo."

Laraba: bakin rijiya

Da hantsi na riƙe hannunsa muka bi su ɗaya bayan ɗaya. Yana dafa kututture, yana faɗa, ina rubutawa. Abdu ɗan Maƙera. Ilu. A nan na tsaya.

"Baba, yaya kamanninsa?"

"Gajere ne, mai wushirya. A cikin jirgin ruwa kullum tambayarsa, ko an yi shuka a gida. Sanyi ne ya kama ƙirjinsa. Ni na rufe shi, na juya fuskarsa gabas."

Shekara talatin da 'yan kai ina da rai, ban taɓa sanin yana da wushirya ba. Na sa goshina jikin bawon, na daɗe.

Muka wuce na Sani da na Lawali. A na biyar hannunsa ya yi ta shafawa.

"Dogo muke ce masa. Sunan yanka…" Ya girgiza kai, hawaye na bin gemunsa. "Jiya ma yana bakina."

Muka tambayi tsofaffin gari, ba wanda ya tuna. Danginsa sun tashi tun farkon fari, ba a san inda suka nufa ba.

Bayan la'asar maigari ya tara waɗanda suka rage a gari. Aka tsaida magana: a ci reshe, kada gatari ya taɓa kututture. Maƙeri ya karɓi takardata zai buga sunayen a kan ƙarfe. Liman ya yi addu'a, Baba Sarjan ya miƙe da sandarsa ya sara wa itatuwan irin gaisuwar soja.

Alhamis: komawa

Na bar ƙauye da asuba, na sauka Takieta ana kiran magariba, lafiya lau. Na gode wa Allah da Ya kai ni Baba yana da sauran magana. Na gode wa gwaggo, da direban da ban tambayi sunansa ba.

A kan ƙarfen gawo na biyar na ce maƙeri ya buga Dogo, ya bar fili a gabansa. Duk wanda ya san wani dogon saurayi daga gabashin Zermu da aka ɗauka soja bai dawo ba, don Allah ya aiko mini da sunansa.